Garwashi Tsakanin Agege da Apapa

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta yarda da ashana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Cewa take wutar kwali ce, ba uwa ba uba. A gidanmu na bayan 'Yargoje wutar ɗakinta ita ce uwar duk wutar gidan. Da yamma takan tura guntun icen ƙirya cikin murhu, in za a kwanta ta lulluɓe garwashin da toka, da safe matan gida su zo da fasasshen kasko kowace ta ɗiba. Ranar da aka yi rashin sa'a wutar ta mutu, sai a aiki yaro gidan Baba Nomau, can ƙetaren gonar gero, ya ɗebo. An sha aikena. Kana tafe kana hurawa, hannu ɗaya ya tare iska, ko wa ka gamu da shi ba ka tsayawa gaisuwa, kuma ba mai ganin laifinka.

Tatsuniya sai bayan kaka, in an gama sussuka sanyi ya fara taɓa ƙafa. Mu jikoki mu cika ɗakin, hayaƙin kara yana sa mu hawaye. Iya ba ta bayarwa kyauta. Kwandon gyaɗa take turowa tsakiya, bakinta kuma ba ya buɗuwa sai ta ji ƙarar ɓawo. Wanda ya jefa ƙwaya a baki, ko tana duban mazarinta ne sai ta gan shi, ta ce, “Ɓeran gida, ka ci da kyau, gobe kai za ka yi shara.” Babanmu ne ya fara salla a gidan, Iya ta bi daga baya, amma lofenta bai bar ta ba. Sai ta zuƙa sau biyu sannan ta ce, “Ga ta nan tafe, ba jaki ba takalmi.” Mu ce a shimfiɗa mata tabarma.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba mu cika roƙo ba, don ba waƙa a ciki, ba dodo. Ita kuwa ta fi son ta. Labarin wani manomi ne, Jatau, wanda ya hango wata fadama mai baƙar ƙasa nesa da gari, ya ce can zai kai iyalinsa. Tsofaffi suka ce ya gwada tukuna yadda aka saba: mai son kafa sabon gida yakan ɗebi wuta a gidan maƙwabci ya taka da ita zuwa wurin. In ta isa da rai ya gina, in ta mutu ya matso kusa. Jatau ya ce shi wutarsa ba ta mutuwa, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka tafi. Ruwan farko da ya sauka ya bi ta jinka ya kashe murhun.

Jatau ya ɗauki kasko ya nufi gari. Ya ɗebo, ta mutu a gindin tsamiya. Ya koma ya ɗebo, ta mutu a bakin rafi. Ya sake komawa, wannan karon har yana jiyo tarin matarsa ta bayan danga sannan ta mutu. Damina ta wuce yana hanya, rani ya wuce yana hanya. Yara suka gaji da jira suka koyi cin ɗanyen hatsi. Shi kuwa hurin wuta ya mai da idonsa jajur, toka ta rufe masa jiki. Ranar da Allah ya nufa ya iso da ɗan abin da bai fi ƙwayar gero ba yana ci, sai yaran suka ga mutum furu-furu da jan ido a ƙofar gida, suka ruga bayan uwarsu suna cewa ga baƙo. Jatau ya ajiye kaskon a hankali, ya yi fir ya hau kan rumbu.

“Shi ne hasbiya,” in ji Iya. “Ku duba idonta gobe. Tana son gida, ba ta shiga gida. Wannan gurnanin da kuke ji, wuta take hurawa har yau.”

Mu dai dariya muke yi, muna kumbura kumatu muna kwaikwayon hasbiya. Iya ta ƙwanƙwasa lofenta a dutsen murhu ta ce ta ƙare, wanda bai ji ba ya tambayi toka. Abin da na riƙe a ciki guda ne, kuma shi kowa ya riƙe: kada ka zauna inda garwashi ba zai iso ka da rai ba.

Iya ta rasu, na girma, aka yi mini aure a Kankara. Malam, maigidana, ya yi boko daidai gwargwado, mutum ne mai sanyin hali wanda in kika ɗaga murya shi sai ya sassauta tasa. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fashe, kowa ka tambaya Ikko ya nufa. Ya samu aikin ƙirga kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, lokacin da jiragen siminti suka yi cincirindo a kan teku suna jiran layi. Ya fara yin gaba, da ya ɗan zauna ya dawo ya ɗauke ni, ina da ƙaramin ciki. Muka sauka a Agege, gidan wani Alhaji ɗan Mabai mai fataucin goro, kafin mu samu namu wurin.

Agege ai gida ce aka ɗauko aka ajiye a kudu. Ga kiran salla, ga mai fura, ga daddawa da kuka, ka yi sallama a amsa maka da muryar Katsinawa. Hajiya, matar mai masaukinmu, ta riƙe ni kamar ƙanwarta. Malam ya samo ɗaki biyu ya ce in zaɓa, tunda ni zan riƙa wuni a ciki. Ɗaya nan Agege, bayan gidan Alhaji. Ɗaya a Ajegunle, inda zai iya takawa da ƙafa zuwa wurin aiki, sai dai duk layin ba Bahaushe ko na magani. Hajiya ba ta ma tsaya jin na biyun ba. Ta ce naka sai naka, mace mai ciki wa zai yi mata wankan jego a cikin mutanen da ba su san kunun kanwa ba?

Ni kuma 'yar gidan Iya ce, na ce sai na gwada. Muka shirya zuwa ganin ɗakin Ajegunle ranar da ba ya aiki, wato Lahadi. Kafin mu hau mota na sayi ƙosai mai zafi a bakin tashar Agege, na ƙulle a gefen gyalena ban gaya wa kowa dalili ba. Muka hau irin doguwar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, hanya fayau, iska na kaɗa mu. Ya nuna mini ƙofar wurin aikinsu, na kwance ƙullin, ƙosai da sauran ɗuminsa. Na ce a raina wuta ta iso. Ɗakin Ajegunle kuwa ko zama ban yi a ciki ba. Kwata a ƙofa, mata suna ta magana da ƙarfi cikin harshen da ba na jin ko ɗigo, wata tana gasa kifi hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Na ce Agege.

Malam ya ce, “Ranar aiki hanyar ba haka take ba.”

Na ce hanya ai hanya ce, ba ta ƙara tsawo don Litinin ta zo. Ya yi murmushi. Ya riga ya sani, ya sha ta tun kafin in zo, amma ya dubi cikina ya dubi Hajiya ya bar maganar.

Ashe a Ikko hanya tana ƙara tsawo. Gosulo suke ce masa. Mota ta bi bayan mota ta tsaya cak, direba ya kashe inji ya fito ya sayi abinci ya ci ya wanke hannu, ba a motsa ba. 'Yan talla sun mai da tsakiyar titi kasuwa, daga burodi har guga. Abin ya kai gwamnati ta raba ranakun fita bisa lambar mota, masu hali suka sayi mota biyu, aka koma gidan jiya. Malam yakan fita tun duku-duku, sallar asuba a tasha yake yi. Ya dawo an daɗe da yin lisha, rigarsa na warin hayaƙin mota, tuwo ya sandare a kwano. Wani lokaci da loma a hannu barci ke ɗauke shi.

Gaskiya ɗaya ce, Agege ta yi mini rana. Da na haihu Hajiya ce ta tsaya a kaina safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, ta dama kunu, ta gasa nama. Ranar suna gida ya cika kamar a Kankara. Ban taɓa neman gishiri na rasa ba. Ɗiyar ta tashi a hannun mata goma, kowace uwarta ce. 'Yar farina ce, ba na kama sunanta ko yanzu da ita ma ta yi jikoki. Ubanta yana fita tana barci, yana dawowa tana barci. Ran Lahadi shi ke barci, ni kuma in hana ta shiga ɗaki kada ta tashe shi. Na ɗauka tausayinsa nake yi. Da ta fara magana sai ta ji duk gidan Malam ake ce masa, ita ma ta kama.

Wata Lahadi bayan azahar ya fito tsakar gida ya zauna kan tabarma. Ya sayo mata 'yar tsana ta roba a cikin gosulo, ya miƙa mata yana kiran ta. Ta tsaya ta dube shi, ta zagayo ta kama zanena ta baya.

“Inna, baƙon nan yaushe zai tahi gidansu?”

Matan gidan suka kwashe da dariya, Hajiya har da tafa hannu. Ni ma na fara, sai na dubi fuskarsa da rana tsaka, abin da na daɗe ban yi ba. Idonsa jajur. Ya ajiye 'yar tsanar a bakin tabarma a hankali, ya tashi ya koma ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yarinyar ba.

Da yamma na ba shi labarin Jatau daga farko har ƙarshe, har da ƙosan da na ƙulle a gyale. Ya yi dariyar ƙosan sosai. Na ce ya nemo ɗaki a Ajegunle. Wancan an daɗe da kama shi, gida kuma a Ikko ya zama sai mai dogon hannu, saboda haka mun jima kafin a samu wani. Hajiya ta yi fushi da ni, ta ce na zaɓi kwata na bar dangi.

Ajegunle ba ta canza don na zo ba, kwatar na nan, hayaniyar na nan. Satin farko da muka tare kananzir ya yi wuya a gari, risho ya zama kayan ado. Na ɗauki murfin gwangwani na tsaya ƙofar matar da ke kusa da mu, mai gasa kifi ce ita ma, na miƙa mata. Ta dube ni ta dubi murfin, ta ɗebo garwashi ta zuba, ta ɗora wani guntun kifi a ganye ta haɗa mini. Shekarun da muka yi tare ba ta iya Hausa ba, ban iya nata ba, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu. Malam yana dawowa da ƙafa rana ba ta faɗi ba. Waɗannan na baya a kan wuyansa suka girma, suna ja masa gemu, Baba kaza Baba kaza har ya gaji.

Ita babbar dai Malam ta ci gaba da cewa. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Takan durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta ja baya. Ya yi dabara iri-iri, ya kai ta kallon jiragen ruwa, ya saya mata abin da bai saya wa sauran ba, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Mutane suka ce ai kunyar ɗan fari ce, haka aka gada. Na bar su a kan haka, amma na san kunya, na kuma san wannan.

Da na natsu na duba, Iya ba ta taɓa cewa a zauna cikin dangi ba, mu muka ƙara wannan. Muna yara duk hankalinmu yana kan 'ya'yan da ke jiran tuwo, ba wanda ya taɓa tambayar halin mai kaskon. Na auna nisan da ke tsakanina da masu ba ni wuta, ban auna na wanda ke ɗauko ta kullum ba, gwajin ma na yi shi ranar da ba iska. Yanzu in yaran dangi za su Ikko ko Abuja suka zo sallama suna lissafin unguwa mai araha da mai tsada, ba na dogon bayani. Nakan ce su bi hanyar ranar Litinin kafin su biya kuɗin ɗaki.

Mun dawo Kankara bayan ya bar aiki. A ciwonsa na ƙarshe ya ce a kira masa babbar daga gidan mijinta a Faskari. Ta zo da sauri, da kuka a idonta, don tana son sa iyakar yadda ta iya. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, “Malam, ya jiki?” Ya ce da sauƙi. Ya matsa ya bar mata wuri a gefen gado, ita kuwa ta zauna inda take, ta yi masa addu'a mai kyau, ta tashi ta je ɗora masa ruwan zafi.

Ya bi ta da kallo har ta fita, sannan ya juyo gare ni.

“Da ita kam ban iso da wutar ba,” ya ce.

Na gyara masa matashi, na je na taya ta hura icen.