Saƙon da Malam Garba ya hana a tsayar

Cikin duk shekarun da na yi a teburin sauraron koke a reshen bankinmu na Ƙaura Namoda, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Malam Garba ya zo mini da faɗa. Lokacin takardar kuɗi ta yi wuya, ko akuya mutum zai saya sai da taransifa.

Dattijo ne manomi daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Ya kai raguna kasuwar Shinkafi, mai saye ya nemi lambar asusu, sai a nan ya tuna cewa ɗansa Lawali ya taɓa buɗe masa ɗaya. Aka tura kuɗin suka ƙi shiga, domin asusun ya yi barci. Haka muke cewa idan an daɗe ba a sa ba a cire ba: sai a rufe shi har mai shi ya zo da kansa.

Na duba, na gaya masa abin da ya rage a ciki. Ya dafe teburina.

"Kai yaro, mi kac ce? Ajiya munka ba ku, ba mu ce ku ci ba. Wa yat taɓa kuɗɗina?"

Ni ma a lokacin ba haƙuri ne ya ishe ni ba, ga layi har bakin titi. Amma da na bi lissafin sai kunya ta kama ni. A ƙa'idarmu ba a cire kuɗin hidima a asusun da ya yi barci, nasa kuwa na'ura ba ta daina ba. Ta cire kuɗin saƙon waya, ta aika saƙo cewa ta cire, wata na zagayowa ta cire kuɗin wannan saƙon. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru.

Na shiga wurin manaja na yi masa bayani.

"Ka tabbata laifinmu ne?"

"Ranka ya daɗe, ko ni ne sai na yi faɗa."

Ya sa hannu a mayar masa da komai, ya ce in gyara asusun kada a sake.

Na dawo da murna na ce, "Baba, ka yi nasara. Saura mu cire tsohuwar lambar waya mu sa taka, ko mu tsayar da saƙon gaba ɗaya, ka huta da cira."

"Wace lamba?"

Na karanta masa. Tun ban kai ƙarshe ba ya ƙarasa ta da ka, mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa. Ta Lawali ce, ita aka sa domin uban ba shi da waya a lokacin. Lawali ya tafi neman kuɗi arewa ta Agadas, ya kira sau biyu, daga nan shiru. An kira lambar har an gaji, kullum a kashe.

Sai ya ce, "Duk watan ga da kunka cire, shi kuka aike ma saƙo?"

"Shi ne, Baba."

"To ashe shina samu."

Na so in bar shi a haka, amma ban iya ba. Na ce masa ana cire kuɗin ne da zarar an aika, ko ya isa ko bai isa ba, kuma mai yiwuwa layin ya daɗe da mutuwa.

"Na jiya. Amma ana aikewa?"

"Ana aikawa."

"In na kawo kuɗɗi da hannuna, sunana na hita ciki?"

"Yana fita, a matsayin wanda ya zuba."

"To ku bar lambar yadda take. Ku ci abin da za ku ci."

Manaja ya ce ba a taɓa yi ba, mutum ya ci shari'a ya koma yana roƙon a ci gaba da cire masa. Amma babu dokar da ta hana, muka bari.

Daga nan duk wata sai ga shi, ko da damina, ko hanyar Zurmi ta yi tsanani. Ya zuba ɗan abin da bai kai kuɗin motarsa ba, ya leƙo teburina ya ce, "An aike?" In ce an aika. Ya gyara hula ya fita.

Bayan shekara biyu aka yi mini canjin wurin aiki. Ban san ko Lawali ya dawo ba, ban san ko dattijon na raye ba, kuma har yau nakan yi kewar wannan tambayar tasa.

Ku da kuke kan tebur yanzu, ku mayar wa mutum haƙƙinsa, wannan dole ne. Amma kafin ku goge lamba a asusun kowa, ku tambaye shi ta wace ce.