Yafiyar da Malam Salifou Ya Kai Paris

A Saint-Fons, kusa da Lyon, kowa ya san Malam Salifou da tari. Shekaru masu yawa ya yi yana wanke manyan tankunan sinadarai a wata masana'anta, har hayaƙin ya zauna masa a ƙirji. Da ya ajiye aiki sai ya koma zama da 'yarsa Raliatou, mai aikin jinya. Mutum ne marar hayaniya, amma akwai labari guda da ba ya gajiya da bayarwa.

Kafin ya zo Faransa, ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, a wani ƙaramin gari a arewacin Nijar, zamanin mulkin Nasara, lokacin da ake yaƙi a Aljeriya. Wata rana ya tare babbar motar wani ɗan kasuwa Bafaranshe. A ƙarƙashin buhunan shayi ya tarar da akwatunan bindigogi, kowace da tambarin tauraro a gindinta. Ya kai motar gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, yana murna. Bayan 'yan kwanaki kumandan ya sa aka saki motar da kayanta.

Da damina ta wuce, matarsa ta fari, Hassia, ta bi ayari za ta gaida mahaifiyarta. Tana da ciki. 'Yan fashi suka tare su a bakin wata rijiya, ba ta dawo ba. Da aka kama ɗaya daga cikin maharan, Salifou ya ɗaga bindigar mutumin ya ga tauraron.

Tun daga ranar ya yanke cewa kumandan ya ci hanci. Da wannan ƙiyayya ya bar aiki, da ita ya ƙetare teku, ya sake aure, ya haifi Raliatou, ya binne mahaifiyarta.

A shekarar 1995 wani tsohon abokinsa, Ɗan Juma, da ke tuƙi a Paris, ya kira shi ya ce kumandan na nan da rai, a wani gidan tsofaffi. Salifou ya daina cin abinci sosai. Ran nan ya kira 'yarsa.

"Raliatou, ki raka ni Paris."

"Baba, da wannan ƙirjin? Faɗa za ka je yi?"

"A'a. Na kusa tafiya. Ba na son in tsaya gaban Allah da wannan nauyi. Zan ce masa na san abin da ya yi, kuma na yafe."

Ya sa farar rigarsa ta salla a ƙarƙashin kwat. A jirgin ƙasa yana ta maimaita maganar a hankali da Faransanci, don kada harshe ya ba shi kunya.

Suka tarar da wani ƙanƙanen tsoho a keken guragu, bargo a cinya. Hankalinsa garau. Da Salifou ya faɗi sunan garin, tsohon ya gaishe shi da Hausa mai tsami, ya ce ya tuna motar sarai.

"Nawa aka ba ka, Kumandan?" in ji Salifou.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce ba a ba shi komai ba. Ya ce ya kulle motar, ya buga wa gwamna waya yana roƙon izinin ƙwace kayan. Amsar da ta zo ita ce ɗan kasuwan yana da takardar sayar da bindigogin farauta, kuma ɗan ƙasar Faransa ne, ba a taɓa dukiyarsa sai da hukuncin kotu. Ikon ƙwace makamai kai tsaye na lokacin yaƙi ne, gwamnati kuwa a takarda ba ta yarda ana yaƙi ba.

"Na sake bugawa, aka ce in na riƙe motar ni za a kai kotu," in ji shi. "Da ɗan garinku ne, da na ɗaure shi ran nan ba mai tambayata. Shi kuwa doka ta tsare shi daga gare ni. Na sa hannu. Me ya faru daga baya? An canja mini wurin aiki kafin damina."

Bai ma sani ba. Salifou ya buɗe baki, tari ya kama shi. Raliatou ce ta faɗa masa labarin rijiyar. Tsohon ya tambayi sunan matar, ya maimaita shi, ya rufe fuska da hannuwansa. Salifou ya daɗe yana kallonsa. Ya yarda da shi, abin da bai taɓa shiryawa ba ke nan. Ya miƙe, ya gyara masa bargon da ya zame, suka fito.

A tashar jirgi ya zauna a kan benci, mutane na ta wucewa da jakunkuna.

"Ke kin yi karatu," ya ce. "Wa zan yafe wa yanzu? Doka ba ta da fuska. Wa ya kashe mini Hassia?"

Raliatou ta riƙe hannunsa, ta ga yana kuka, karo na farko a saninta.

Bayan sun koma gida bai sake ba da labarin ba. Ya riƙa zama a bakin taga yana kallon bututun masana'antu, in an yi masa magana ya amsa da kai. Da sanyi ya shigo a 1997 ƙirjin ya kwantar da shi, bai tashi ba. An binne shi a sashen Musulmi na wata makabarta a gefen Lyon. Tsofaffin abokan aikinsa kaɗan suka zo, Ɗan Juma kuma ya iso daga Paris bayan an gama rufe ƙasa.