Sandunan Baba a Murhu

Ban cika wata biyu da aure ba na ƙone wa surukina sandunansa.

A cikin garin Gwarzo na tashi, inda ake sayen itace a faskare a ƙofar gida. Aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Gude, gidan maharba. Farauta ta ja baya tun kafin zuwana, amma Baba, mahaifin maigidana, bai bar yin baka ba. Da hantsi yakan shimfiɗa buzu a zaure, da ɗan gizago da wuƙa, ya yi ta fere sanda yana kankarewa, yana ɗaga ta saitin ido ɗaya. In ta yi masa, ya shafe ta da man shanu, ya kanga a wuta ya lanƙwasa, sannan ya ɗaura tsirkiyar fata. Masu gadin gona da 'yan sintiri ke saya. Duk wannan da wutsiyar ido nake gani, don in yana zaure durƙusawa kawai nake in gaishe shi, kaina a ƙasa, in wuce.

Ranar tsakiyar damina ce, kuma girkina ne. Inna, uwar mijina, ta tafi suna, maza duk suna gona. Itacenmu ya jiƙe sharkaf. Na hura har idona ya yi ja, ba abin da ke tashi sai hayaƙi. Ina ɗaga kai na ga wasu dogayen sanduna a soke cikin jinkar madafa, sun yi baƙi ƙirin, busassu ƙayau. Na ɗauka ragowar itacen rufi ne aka manta. Na zaro su na sa gatari. Taurinsu ya ba ni mamaki, amma bai sa na tsaya tunani ba. Wuta kuwa ta kama ba gardama, tuwo ya yi kyau, har ina jin daɗin Inna za ta yaba.

Da ta dawo ta leƙo madafa, idonta ya sauka a kan wani guntu a bakin murhu. Ta ɗauka ta juya shi, ta dubi sama, sai ta sa salati.

"Ke 'yar nan, duka kika sa?"

"Duka, Inna. Itacen ne ya jiƙe."

"Ɗunɗu ne da dargaza. Tun waccan kakar Baba ya saro su can bayan Lakwaya, da ƙafarsa ya je. Hayaƙin nan ne ke busar da su a hankali, ya hana ƙwaro ci. Bana yake cewa sun isa sassaƙa."

Na shige ɗaki na kasa fitowa. Da Baba ya dawo na ji Inna na yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ji takunsa zuwa madafa. Can ya ɗaga murya yadda zan ji:

"Wa ya gaya mata? Ba wanda ya gaya mata. Ce mata ta fito ta ci abinci."

Ya zauna ya cinye tuwonsa tas. Da faɗa ya yi mini, da na yi kuka na huta.

Bayan 'yan kwanaki wani mutumin Masanawa ya yi sallama. Ashe shi aka yi wa alkawarin ɗaya daga cikin bakunan. Ina wanke-wanke jikin bangon zaure, ina jin komai. Suka gama gaisuwa, an tambayi iyali da ruwa da yabanya, sannan Baba ya ce itacen ya salwanta.

"Gara ce?"

"A'a, ƙaddara dai."

"Haba Baba! Tun bara nake jira, birai na shirin gamawa da masarata. In hannun ne ya daina, ai sai a faɗa wa mutum."

Mutumin nan a shekaru Baba ya haife shi, amma haƙuri Baba ya yi ta ba shi, har ya raka shi waje. Ni kuwa kwano ɗaya na yi ta cuɗawa.

Sai na aika wa yayana a Gwarzo ya nemo mini sanduna miƙaƙƙu, ban shawarci kowa ba. Ya kawo dami guda a bayan babur. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya ce a gaida mutanen gida. Da yamma maigidana ya shigo yana danne dariya.

"Itacen turare ne fa. Ja ɗaya zai karye."

Da su aka gyara dangar awaki. Kullum na je ba su dusa sai na ga sandunan a jere.

Da kaka ta yi Baba ya koma neman ɗunɗu. Gwiwa ta soma damunsa, sai maigidana ya ɗauke shi a babur. Suka tarar wurin ya zama gona. Yini guda suna yawo, sanda biyu suka samo. Baba ya miƙa wa Inna, ya ce ta ba ni, ni zan soke su a jinka, in riƙa juya su lokaci-lokaci. Na karɓa, na kai madafa na soke su.

Ɗaya ta tsage tun kafin ta bushe. Ɗayar ta yi. Lokacin da Baba ya sassaƙa ta ganinsa ya ragu, da tafin hannu yake bin sandar yana jin inda ya yi kauri. Ranar da ya ɗaura tsirkiya ya fito tsakar gida, ya sa maigidana ya ja masa don shi ƙarfin bai kai ba. Bakan ya lanƙwasu, ya koma daidai. Yaran gida suka yi ta ihu, Inna na kirana in zo in gani. Ta gefen labule na kalla.