Katin Hajara da Gugan Baba

Fankar kwamfutar ta juya, ta juya, sai ta tsaya cak, gilashin kuwa baƙi ƙirin. Ranar Talata ce da hantsi, bayan babbar salla, jikata Hajara tana durƙushe a zaure ta buɗe cikin kwamfutarta kamar mai feɗe akuya. Da wannan kwamfuta take haɗa wa mutane bidiyon biki da na suna, da ita muke ci ni da ita. Ubanta yana Kirikasamma, ya bar ta a wurina nan Haɗejiya da sharaɗin in sana'ar ta mutu ta koma gida. Wai aikin yana mata nauyi, sai ta je Kano ta ba da tsohon katin da ke fitar da hoto, wanda suke ce wa girafik, ta yi ciko ta karɓo babba mai fanka biyu. Tun da ta sa shi abin ya ƙi tashi.

Ta cire katin ta mayar. Ta zare wasu siraran alluna ta goge da bakin mayafi. Ta ɓanɓaro wani batir kamar kwabo, ta jira, ta mayar. Ta canza wa wayar gilashin rami. Na ce, "Ke, ki mai da tsohon mana ki gani." Ta ce, "Kaka, tsohon yana Kano, da shi na yi musanya." Ni kuwa na taɓa jin wannan magana.

Ina yarinya, ban ma fara ɗaura zane a ƙirji ba, muna da lambu a bakin kogi. In ruwa ya janye da rani, Baba yana dasa albasa, ana ban ruwa da jigo. Yaran yanzu ba su san shi ba. Doguwar sanda ce a ɗora a kan gwafa, guga a goshinta, curin laka a gindinta. Ka ja gugan ya nitse, nauyin lakar ya ɗago maka shi, ka juye a kwari. Aikina shi ne buɗe wa fangali ruwa da toshe shi da ƙafa. In an tashi sai mu faɗa kududdufi lalubar tarwaɗa, mu gasa da karan dawa, mu dawo gida ƙafafu duk kaushi Inna tana faɗa. Ban san muna cikin daɗi ba a lokacin.

Wata ranar kasuwa Baba ya dawo daga Miga da wani ƙaton guga na fata, ya ce ɗiba ɗaya ya kai biyun namu na duma. Inna ta ce ina namu? Ya ce ya haɗa da shi a ciniki. Da safe ya ɗaura, ya ja, gugan ya sha ruwa ya zauna. Laka ta kasa ɗago shi. Ya kwaɓo wata ya ƙara. Ya ɗan motsa. Ya sake ƙarawa, ni ce mai miƙo masa a ƙwarya. Wani maƙwabcinmu a lambu ya ce, "Malam, gwafar nan ba ta wannan kaya ba ce." Baba ya ce gwafar ubansa ce, ba ta taɓa ba shi kunya ba. A ja na gaba ta tsage, sandar ta sauko masa a kafaɗa. Har yau ina jin ƙarar.

Maɗori ya ɗora, hannun bai koma daidai ba. Ni da Inna muka koma ɗibar ruwa da ƙwarya a ka, daga kogi zuwa fangali, daga asuba har rana ta take. Ƙasa tana shanyewa kafin mu juyo. Albasa ta yi ja, ta kwanta. Da abinci ya gaza a gida, aka kai ni Kaugama wurin gwaggona, aka ce zuwa kaka ne kawai, in an yi girbi zan dawo. Can na girma ina mata surfe da daka. Da aka sake kawo ni gida, gaisuwar mutuwar Baba aka kawo ni. Gugan yana rataye a ɗakin Inna, ko ɗinki ɗaya bai saki ba.

Na ba Hajara wannan labari a zauren nan. Ta ce, "Kaka, ke komai sai kin kai shi lambu." Ta fita ta sayo wata ƴar waya mai baki biyu, wai za ta ƙara wa katin wuta daga akwatin wutar da ke ciki. Ta haɗa ta danna. Fanka ta tashi da ƙarfi, Hajara ta juyo tana min dariya. Sai wari, sai hayaƙi siriri ta bayan ƙarfen.

Aka kira Bitrus, ɗan Filato mai gyara a bakin kasuwa. Ya shinshina, ya haska da fitilar waya, ya ce, "Mama, akwatin wutar ƙarami ne, bai iya ɗaukar wannan kati ba. Da an canza shi tun farko, shi ke nan. Yanzu ya ƙone, ya tafi da babban allon da komai ke jikinsa." Hajara ta ce katin fa? Ya juya shi a hannu ya ce, "Kati kam lafiyarsa ƙalau."

Masu biki suka zo suka karɓe bidiyonsu suka kai wa wani. Labari ya kai Kirikasamma, uban ya aiko ta koma gida. Lambunmu yanzu duk ciyawar kacalla ta cinye, waɗanda suka rage kuwa da inji ake musu ban ruwa, amma yadda ake ɗauke yarinya daga gida bai canza ba. Na raka ta tasha ranar Juma'a. Ta miƙo min katin a kwalinsa ta ce, "Ajiye min, Kaka, zuwa kaka ne kawai." Na dawo na tura shi ƙarƙashin gado.