Ranar da Aka Ɗinke Memori a Cikin Fata

Na yi aikin gyaran kayan lantarki a Kamaru, na yi a Chadi da Sudan, na ga abubuwa iri-iri, amma ranar da na buɗe akwatina a Falgore na tarar babu memori a ciki, ita kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Akwai wani tsohon malami a can, abokin mahaifina, mahaddaci ne. Idonsa ya tafi, murya kuma ta fara shaƙewa. Na ƙudurta sai na adana karatunsa tun daga Fatiha har Nasi kafin muryar ta ƙare. A gidana na Karaye na haɗa ɗan akwati: 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta kai kwalin ashana ba, da makirufo, da ramin saka memori. Wutar ƙwaƙwalwar ta fi ƙarfin katin memorin, don haka na sa abin rage ta a tsakaninsu. Sannan na tsara ƙwaƙwalwar ta riƙa rufe abin da ta rubuta a katin, ta adana shi, duk lokacin da Malam ya tsaya shan iska. A Chadi na koyi wannan, inda wuta ke ɗaukewa babu sallama.

Mun kusa sauka ke nan na zo wata safiya, na ga ramin wayam. Ba ni da kwafi, domin kwamfutata na wajen gyara.

Ƙanin Malam ya fito yana murmushi. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Jiya Yaya na cikin karatu na tuna Alƙur'ani ne fa a cikin ɗan abin nan, ga shi tsirara, kowa na taɓawa ba alwala. Sai na zare na kai wa baduku."

Ya miƙo mini shi an ɗinke shi tsaf cikin jar fata kamar laya.

Na ce, "Yana cikin karatun ka zare?"

"Da bisimilla na zare, Alhaji."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, in ya tafi ya tafi. Amma ka sani ba ni da muryar sakewa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, zarewar ba ta dame ni ba, na yi mata tanadi. Basillar baduku nake tsoro."

Na yi alwala a gabansu, na sa reza na bi ɗinkin a hankali. Basilla ta karce gefen robar, amma ba ta kai ga ƙarafan ba. Na mayar da katin, na danna. Sai ga muryar Malam ta cika zauren, tun daga Fatiha. 'Yan ayoyin ƙarshe kawai suka ɓace, ya maimaita su nan take.

A ƙasashen da na zauna, kati kati ne, a aljihu ake jefa shi tare da goro. Mutanenmu kuwa abin da ke cikinsa suke dubawa. Shi ya sa ban yi wa ƙanin faɗa ba. Badukun na aika wa, ya ɗinka wa akwatin duka gafaka, memori na ciki a rufe, babu mai sake jin an bar shi tsirara.

Malam ya rasu da damina. Har yanzu ana kunna karatunsa a zauren. Tun daga ranar, in zan haɗa na'ura, kafin in auna wutarta sai na fara auna mutanen da za ta zauna a hannunsu.