Kwaɗuwa da Kunun Kanwa

Ni dai lakkol, makarantar boko ke nan, shekara biyu na yi. A ta uku malamin ya roƙi mahaifina, don girman Allah, ya riƙe ni a gida. Ilimin da nake taƙama da shi na bakin murhu ne, shi ɗin ma sai da na yi furfura na gane ban ɗauke shi daidai ba.

A Adjamé muka tashi, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya. Kakata Iya Gambo ita ce unguwarzomar Hausawan layinmu, kuma da wuya wata ya wuce babu mai jego a gidan. Safe da yamma rabin duro na kan wuta, ana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya. In an gama wankan yamma aka yi magariba, sauran garwashin namu ne. Iya ta miƙe ƙafa, ta harare ni, ta ce, "Maigidana, ka rufe bakin nan, ga wata nan tafe." Mu ce ta ƙaraso mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta kwaɗuwa. Wai a da kwaɗuwa siririya ce, fata sumul, murya kamar ta amarya. Ta haihu, dangi suka zo barka. Gafiya ta duba murhu ta ce wutar ta yi kaɗan, ta ƙara itace. Bushiya ta ce ita ma ba ta ƙi yarinyar nan ba, ta ƙara biyu. Kowa ya shigo sai ya jefa ɗan kanwarsa a kunu, don kada a ce bai yi komai ba. Ruwa yana tafasa ana fyaɗa mata, kunu yana ɗaci ana ɗura mata. Fatarta ta yi bororo, cikinta ya kumbura, idanu suka fito, maƙogwaro na sama yana ƙasa. Rana ta bakwai ta bar jaririn ta faɗa tafki, har yau ba ta yarda da ruwan ɗumi ba.

"Duk masoyanta ne," in ji Iya. "Ko ɗaya bai sa hannu a ruwan ba. Ko ɗaya bai ce, kwaɗuwa, yaya kike ji ba."

Sai ta cika kumatu da iska, ta zaro ido, mu yi ta birgima a ƙasa. Abin da na kwaso ke nan, kumbura kumatu. Ina ganinta kullum tana tsoma gwiwar hannu a duro kafin a ɗebi ruwan, tana korar masu barka ta shiga ɗaki ita kaɗai da mai jego, amma na ɗauka tsabar iyayi ne na tsofaffi.

Bara autata Balkisa ta yi haihuwar fari a matarnite, asibitin haihuwa na Treichville, inda muke zaune tun ina dakon kaya a bakin jirgi. Uwarta ta rasu, don haka yayata Hajiya Kande ce ta karɓi wankan. Ranar sallama nas ɗin ta tsayar da ni. Ta ce tansiyon Balkisa, wato jininta, ya hau: ban da kanwa, a rage gishiri, ruwan wanka ɗumi kawai, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya a dawo da ita nan take. Na yi ta cewa "wi madam" da Faransancina na 'yan dako.

Kun san abin da na yi washegari? Na hau gbaka, 'yar bas ɗin haya, zuwa kasuwar Adjamé, na sayo jar kanwa dunƙule guda da buhun gawayi, don kada surukai su ce uban mai jego matsolo ne. Ni ne gafiyar farko.

Sauran suka biyo. Wannan ta ce ruwan bai yi ba, waccan ta ce kunun salam. Na ɗan yi gyaran murya na ce nas ta hana.

"Ɗanjuma," in ji Yaya Kande, "sau nawa ka haihu?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"To ka koma wajen rediyonka."

Na koma, kamar wani mutumin kirki.

Kwana tara da haihuwa na leƙa da safe in ga jika. Balkisa na zaune an tokare ta da filo uku, silifas ɗinta ya ƙi shiga. Na dubi wuyanta, nan ƙasan maƙogwaro, yana sama yana ƙasa. Wallahi fuskar Iya Gambo na gani da kumatu cike, amma wannan karon ban yi dariya ba.

"Balkisa, yaya kike ji?"

Ta dubi ƙofa tukuna. "Baba, kwana uku ban iya kwanciya ba. Na ji kunyar Gwaggo ne."

Ban nemi iznin kowa ba. Na tare taksi, Yaya na biye tana cewa mai jego ba ta fita kafin arba'in, zan jawo mana abin faɗe. Nas ta auna, ta kira likita, sannan ta juyo kaina.

"Papa, wa ya kawo kanwar?"

Na dubi Yaya, Yaya ta dubi silin. Na ce ni ne. Ta wanke ni tas a gaban mata masu awo, rabi da Faransanci rabi da Dioula, kuma abin haushi duka na gane. Kwana shida suka riƙe ta, suka ce zuciya ce ta soma gajiya. Allah ya sa an zo da wuri.

Da muka dawo na ɗauki kujerata na dasa a gindin murhu. Duk bokitin da zai shiga banɗaki sai na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu. Matan gidan suka sa mini suna unguwarzoma mai gemu, har yara na kira a layi. Su kira. Abin da ke cina shi ne tsohuwar nan ta faɗa mini sau ɗari, kyauta, ina kusa da ita fiye da kowa, sai da wata yarinya sa'ar 'yata ta zage ni cikin farar riga na ji.

Ranar arba'in Yaya Kande ta zo wucewa, ta tsaya, ta duba hagu da dama. Ta tsoma gwiwar hannunta a bokitin.

"Ya yi zafi," ta ce. "Ƙara na famfo."