Neman rundunar mahaifina

Shekarun baya, ruwa ya shiga gidanmu a Hausari ya cinye takardun mahaifina na soja. Lokacin da tsufa ya kama shi, mantuwa ta fara. In ya ce ya yi yaƙin basasa, sai jikoki su ƙyafta wa juna ido. Wata rana na ji ɗaya ya ce, "Kaka fa sojan baka ne." Mahaifina ya ji. Bai ƙara ɗaga zancen ba.

Abin ya ci mini rai. Na hau keke zuwa ofishin tsofaffin sojoji, ina ganin aikin yini ɗaya ne. Aka tambaye ni, "Wane kamfani?" Na ce ai bai taɓa aikin kamfani ba, soja ne. Dariyar da aka yi mini har yau ina jin ta. Ashe kamfani a bakinsu rukunin sojoji ne a cikin bataliya.

Suka duba bataliyar da yake ambata, babu sunansa. Suka ce 'yan sa kai irinsa, in kamfaninsu ya ƙare a fagen daga, sai a zuba ragowar cikin wata runduna. Na je Kaduna neman sunansa, na dawo hannu rabbana. Mahaifiyata ta ce, "Ka bari haka, mu dai mun san ya je."

Ban bari ba. Abokina, malamin makaranta ɗan kudancin Borno, ya kai ni wurin kawunsa a Dusuman, shi ma tsohon soja. Ina nuna masa hoton mahaifina tsohon ya miƙe tsaye.

"Wannan Babarbaren! Yana raye? Shi ya goyo ni ranar da aka harbe ni a cinya."

Ya faɗa mini rundunar da aka mayar da su. A can aka samu sunan, an rubuta shi a karkace, amma lambar tasa ce.

Ran Juma'a na kawo tsohon gida. Mahaifina ya dube shi ya daɗe, sai ya kira shi da wani laƙabi da ba mu taɓa ji ba. Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Har magariba yara na zaune a gabansu, ba mai motsi.

Mahaifina ya rasu bayan nan, Allah ya jiƙansa. Na yi karatu, na yi aiki, amma ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamar wannan yawon ba.